Ƙullin Safe

"Ba zan sha ba," in ji Baba Haggai, ya juya fuskarsa bango. "Wannan ba na Nwankwo ba ne."

Matarsa Saloma ta dube ni, kofin ruwa a hannunta. Katanga ɗaya ta raba mu a unguwar Rikoto, tarinsa ma a ɗakina yake kwana. Kwana huɗu ke nan da sallamo shi daga asibiti da maganin zuciya. Likita ya ce kada a yi fashi, tsohon sojan nan kuwa ko ƙwaya ɗaya bai haɗiye ba.

Shekara ashirin Nwankwo mai kemis ke haɗa masa magani. Yakan ɗebo daga manyan gwangwanaye, ja da fari da ruwan ɗorawa, ya ƙulle a takardar jarida, ya zana rana da biro in na safe ne, wata in na dare ne. A daminar nan jami'an kula da magunguna suka kwashe gwangwanayen, suka sa shi ya sa hannu: ba sauran haɗi, sai magani cikin kwalinsa mai lamba. Ni ban ga laifinsu ba, don mun sha alli da sunan magani a garin nan. Amma wa zai faɗa wa Baba?

Na yafa gyale, sai kemis, na roƙi Nwankwo ya zo ya ƙulla wa Baba magani.

"Haba Rahmatu, kina so su rufe mini shago? Na sa hannu fa."

"Wa ya ce ka saida? Hannunka kaɗai muka zo aro."

Da la'asar ya zo, hadari na sauka a hankali kan duwatsu. Hankalin Baba ya riga ya lula. A ransa yana can garinsu Dabai, saurayi, yana golmo, noman neman aure, a gonar surukansa, yana kiran abokan da suka daɗe a ƙasa. "Ku ɗaga garma, Saloma na kallo!" Tsohuwa ta rufe fuska da zane kamar amarya.

Nwankwo ya zauna bakin gado, ya ɓare maganin asibitin, ya ƙulle a jarida, ya ja biro.

"Oga soja, ga naka."

Baba ya shafa ƙullin, ya shinshina, fuskarsa ta washe. Sai ya kai shi dab da ido.

"Rana ce. Na safe ne."

Ashe hannu ya bi sabo, don kullum da safe Baba ke zuwa kemis.

"Kuskure ne, Oga. Kawo in gyara, ka sha yanzu."

"Oda oda ce." Ya dunƙule hannu a ƙirji. "Ban taɓa karya odarka ba."

Muka yi lallashi har muka gaji. Har dariya muka yi, Allah ya yafe mana, muka ce gobe ma rana ce. Baba kuwa ya koma gonar surukansa a ransa, yana ƙananan waƙoƙi da yarensu na C'lela, ruwa ya fara sauka a kan kwano.

Bai kai safe ba. Ko ƙwayar za ta riƙe shi, ban sani ba, kuma rashin sanin nan yana ci mini rai har yau.

Da gari ya waye Nwankwo na tsaye bakin ƙofa, ya kasa shiga. Saloma ta buɗe yatsun mijinta ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye ƙullin a bakin taga, kusa da kofin ruwan jiya. Hantsi ya leƙo ta bayan dutse, ya sauka a kan 'yar ranar biro.