Alamar Ruwa a Jikin Tsamiya

A zauren masu zanen gine-gine na Fesbuk, wata Mardiyya ta nemi kowa ya kawo aikin da yake jin kunyarsa. Yawanci sun kawo ƙananan abubuwa: fentin da bai dace ba, tagar da ta kalli rana. Abdulmannan, wanda ofishinsa ke Haɗeja, ya san nasa, amma ya kwana uku bai rubuta komai ba.

Bara ya zana wa wani ƙauye a bayan Auyo ɗakin shan magani. A watan Maris ya auna filin, ƙasa a bushe. Malam Badamasi, tsohon maginin ƙauyen, ya ja shi gindin wata tsamiya, ya nuna masa baƙin layin da ruwa ya bari a jikinta, ya ce a nan ba a yin daɓe sai an ɗaga shi sama da wannan alama. Abdulmannan ya ce yana da takardun awo, kuma dogon tushe zai ɓata fasalin ginin. Da aka gama ya saka hoton a zauren, abokan sana'a daga Kano da Abuja suka yi ta yabo.

A watan Satumban bana ruwa ya shiga ginin har taga.

Ya fara rubuta wa zauren cewa ambaliya ce irin wadda ba a taɓa gani ba. Kafin ya tura, ya ga ya kamata ya haɗa da hoto, sai ya hau babur zuwa bakin ruwa, ya shiga kwalekwale.

Gadajen ɗakin shan maganin na tsaye cikin ruwa. Iya Hajo ungozoma ta kwashe kayanta ta koma zauren Malam Badamasi, ginin ƙasa a kan tudu, a bushe ƙarau. Ranar ma a can ta karɓi haihuwa. Abdulmannan ya dubi tsamiyar. Ruwan bai ma kai tsohon layin ba.

Tsohon ya shimfiɗa masa tabarma, ya tambayi mutanen gida, bai ɗauko zancen ginin ba. Abdulmannan ya goge abin da ya rubuta a wayarsa, ya sake wani: ruwan bana bai fi na kullum ba, an gaya masa, shi ne ya ƙi ji. Ya sa sunan tsohon a sama da nasa.

"Baba, in karanta maka kafin in tura?"

Ya karanta, kansa a sunkuye. Da ya zo inda ya ce an ba shi shawarar ƙara layi biyar na bulo, tsohon ya ɗaga hannu.

"Shida na ce maka, Injiniya. Tunda duniya za ta gani, gyara."

Ya gyara, ya tura. Wayar ta fara motsi a aljihunsa, bai duba ba. Ya ari igiyar awon tsohon, ya naɗe ƙafar wando, ya nufi tsamiyar.