Sunan Ranar Asabar

Karo na huɗu ke nan Muzdalifa tana ɗaga waya ta saita fuskarta, tana buɗe baki motar ta faɗa rami.

"Haba malam direba! Aiki fa nake yi."

Direban ko waiwayowa bai yi ba. Tsohuwar da ke matse da ita a kujerar baya ta dube ta, ta dubi wayar, ta ce, "Aikin mi, ɗiyata?"

Muzdalifa ta taɓe baki, ta janye gefen mayafinta daga ƙarƙashin cinyar tsohuwar. Ina za ta fara yi wa mai warin daddawa bayani? Shekara biyu ke nan da ta ajiye allin koyarwa a firamare ta buɗe shafinta na intanet, Gida Mai Tsari, inda take koya wa matan aure yadda ake tafiyar da gida da agogo. Wani kamfani na Legas ne ke ɗaukar nauyin shafin. Suna da manhajar da dangi ke haɗuwa a ciki kowa ya rubuta inda za shi da lokacin da zai je, ita kuma aikinta ta nuna wa duniya cewa danginta da wannan manhajar suke numfashi. Kwantiragin yau zai ƙare. Matar kamfanin ta ce ba za a sabunta ba sai sun ga bidiyon taron dangi na gaske, wanda aka yi shi daidai da jadawali, kafin la'asar.

Sai Allah ya kawo haihuwar Zulai.

Zulai ƙanwarta ce, ita kaɗai. Tana aji huɗu na firamare mahaifiyarsu ta rasu, Muzdalifa ce ta ƙarasa rainonta, ita ta yi mata kitso, ita ta kai ta ɗakin miji a Nahuce. A gidansu, ranar suna uwar mai jego ce ke rungume jariri a cinya wanzami ya yi masa askin fari. Tunda babu uwa, cinyar Muzdalifa ce. Maganar gaskiya, tun kafin ta san wani abu wai shi kamfani take mafarkin wannan zaman, kuma har cikin ranta take son sa. Sai dai yanzu idan ta hango kanta da jaririn a cinya, har da inda za a kafa fitilar ɗaukar hoto take hangowa.

Da suka wuce Bunguɗu hanya ta ɗan yi kyau, ta sake ɗaga wayar. Nan take muryarta ta koma irin ta masu karanta labarai a Kano, Zamfarancin da aka haife ta a cikinsa ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba.

"Assalamu alaikum matan Gida Mai Tsari. Kamar yadda kuka gani a jadawalinmu, yau Asabar muna Nahuce. Yanka ƙarfe tara, aski ƙarfe goma. A danginmu babu zancen a jira wane."

Ta kashe, ta kalli abin da ta ɗauka sau biyu, ya yi mata.

Ba ƙaramar wahala ta sha ba kafin ta kai danginta nan. Mutane ne da idan ka tambaye su yaushe, sai su ce bayan la'asar, kamar bayan la'asar ɗin guda ɗaya ce a duniya. Yayansu Halliru ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, amma a ganinta da shi da mai kiwon awaki duk ɗaya idan ana zancen lokaci. Mahaifinsu, Malam Bello, tun da ya yi ritaya ya koma Bilbis yana noma, wayarsa irin mai tocila ce, Halliru ke rubuta masa nasa. Ta yi faɗa, ta yi gori, ta yi fushin mako biyu, har dai kowa ya shiga. Duk ranar Lahadi sai ta ɗauki hoton jadawalin makon gaba ɗaya, kowa da launinsa, ta saka a shafi dubban mata su yi ta yabo. Wata biyar ɗin nan kuwa sun yi laushi sosai, ba ta ma tuna musu suke cikewa. Ta sha faɗa wa mabiyanta cewa ko baƙauye idan ka daure masa yana koyo.

Ta so ta zo tun jiya ta kwana. Halliru ya ce an kwana uku babu wuta a Nahuce, babu inda za ta yi caji. Wannan kaɗai ya zaunar da ita a gidanta na Tudun Wada, Gusau.

Tara saura kwata ta sauka, jaka a kafaɗa, ƙafar fitila a hannu. Ƙofar gidan mijin Zulai fayau. Ba rumfa, ba kujeru, ba tabarmar malamai, sai ɓawon goro da ledojin alewa da iska ke wasa da su. Ta ja tsaki mai tsawo. Ta sani! Da ta juya baya sai su koma halinsu, ko kujeru ba a jera ba.

A zaure ta yi tuntuɓe da fatar rago, an shanya ta an barbaɗe da gishiri, gefenta har ya fara ƙandarewa. A tsakar gida manyan tukwane suna kife, an wanke su fes. Gwaggo Lantana, ƙanwar mahaifinsu, tana zaune gaban kasko tana suyar nama. Duk macen da ta taɓa zuwa suna ta san washegari ake suya, amma Muzdalifa agogon wayarta ta duba.

"Gwaggo, wa ya ce a yanka tun yanzu? Tara aka rubuta!"

Gwaggo Lantana ta ɗago, ta share gumi da gefen zane. "Maraba da mutanen Gusau. Kin iso lahiya? Shiga ciki, ƙanwarki na nan."

Zulai tana zaune bakin gado da jaririn a hannu. Da ta ga yayarta sai ta sunkuyar da kai, gaisuwar ma a ciki ta yi ta. Muzdalifa ta jingine ƙafar fitila, ta karɓi yaron, ta ji ɗuminsa ya ratsa ta har wuya. Kamarsu ɗaya da marigayiya mahaifiyarsu wajen goshi. Ta zame 'yar hularsa don ta ga yawan sumar da za a aske.

Kan a aske yake tas, sai ƙyalli yake yi.

Ta daɗe tana kallon kan. Sannan ta ce, da Hausar gidansu wadda ta dawo ba tare da ta kira ta ba, "Zulai, mi na wanga?"

"Jiya anka yi, Yaya."

"Jiya Jumma'a. Ke da kanki kic ce man Assabar kih haihu."

"Jumma'a nih haihu. Sai da gari ya waye nib bugo maki."

Halliru ne ya yi sallama ya shigo, da alama Gwaggo ta aika an kira shi. Ya tsaya daga bakin ƙofa, hula a hannu, fuskarsa babu alamar kunya ko ɗaya. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

"Ni za ku yi ma haka? Ni? Ɗan Zulai za a yi ma aski a cinyar wata ina raye? Don dai kun ga Allah ya ɗaukaka ni, shi na hassada taf fito hili!"

"Kin gama?" in ji Halliru. "To saurara. Kin tuna da damina, sadda kis sa ma duniya Baba zai taso daga Bilbis ran Talata ƙarhe bakwai, zai kawo waken suya Gusau?"

Ta tuna. Wannan hoton ya samu yabo sosai, launin Baba kore ne.

"Ran Littinin da marece wata lamba tak kira shi. Mutum yag gaishe shi da sunanai, yat tambai ko tahiyar gobe tana nan, kuma wace mota za ya shiga. Baba bai san shi ba. Kwana tara bai kwana gidanai ba, tsoho mai shekara saba'in, yau ɗakin wanga gobe ɗakin wancan. Na hwaɗa maki ki bar sa abin ga a shahi. Mi kic ce man?"

Ta san abin da ta ce a lokacin. Ta ce masa kamfani jadawalin gaske suke so, kuma tsoro irin na mutanen ƙauye ne ya hana Arewa ci gaba. Har rubutu ta yi a kan haka, ba tare da ta ambaci sunansa ba.

"Kin hi kowa sanin hanyar Tsahe da Baba ke bi, da masu satar mutanen da ke tare ta. Ko matar mutum ba ya hwaɗa mata ranar da za ya bi ta sai ya sa takalmi. Ke kuma kina bugawa da launi. Munka ga ba ki jin magana, kuma ba mu son mu tauye maki abinci. Shi na munka ci gaba da rubuta maki. In Laraba za mu, mu sa Alhamis. Wata biyar ba wanda yas sa gaskiya cikin abin ga."

Wata biyar. Daidai lokacin da ta fara cika baki cewa sun koyu.

"Baba hwa?" Muryarta ta yi ƙasa. "Bai zo ba ke nan?"

"Tun ran Alhamis yaz zo. Shi yar raɗa suna. Yau da sahe yak koma, ƙila ma kun yi saɓani a hanya."

Daga Bilbis zuwa Nahuce babu hanyar da ba ta ratsa Gusau ba. Mahaifinta ya wuce ta garin da take sau biyu cikin kwana uku, bai tsaya ya sha ruwa a gidanta ba, saboda ya san kafin ya ajiye kofin hotonsa ya kai Legas. Wataƙila ma motarsa ta gifta tata wajen Bunguɗu, tana can tana gyara wa waya murmushi. Ta zauna a gefen gado ta fashe da kuka, kukan gaske mai majina, irin wanda ba a ɗauka a bidiyo.

Ba wanda ya ce ta yi haƙuri. Zulai ma hawaye take yi. Suna cikin haka wayar ta yi ƙara a jaka. Matar kamfani ce ta turo saƙo tana tambayar yadda taro ke tafiya.

Gwaggo Lantana ta leƙo da matsamin nama a hannu. "Ke, share hawayenki. Mu ba mu ce a kore ki daga aiki ba. Ankon kowa na nan, ba a wanke ba. Dogo wanzami na bakin kasuwa, yanzu sai a kira shi. Ga nama, ga jinjiri. Mi yar rage? Mu sake maki wani sunan ki ɗauka."

Mace mai zuciya da ta ce a bar shi. Muzdalifa ta dubi jaririn, ta dubi wayar, ta ja majina, ta tambaya ko akwai farin zanen gado da za a rataya a bango, don bangon ya yi datti da yawa.

Ƙarfe goma daidai aka fara, karo na farko a tarihin dangin da aka yi wani abu a kan lokaci. Matan maƙwabta suka ɗauro ankon jiya mai warin hayaƙi suka jeru, suna danne dariya da bakin mayafi. Aka shimfiɗa tabarma, Muzdalifa ta zauna ta miƙe ƙafa, aka ɗora mata yaron. Dogo ya tsuguna, ya kare kan da tafin hannunsa na hagu, ya riƙa bin fatar da bayan aska yana gyaɗa kai kamar mai babban aiki. Halliru ne ya riƙe wayar. Gwaggo Lantana ta rangaɗa guɗa har sau uku, saboda ta farko Muzdalifa ta ce ba ta fito sosai ba.

Yaron barcinsa yake yi. Jiya, in ji matan, ya tsala ihu har ana ji a bakin titi.

Zulai tana zaune a gefenta kamar yadda aka tsara, tana murmushin da aka ce ta yi. Ba tare da ta motsa fuska ba ta ce a hankali, "Gwaggo tar riƙe shi jiya. Ina ta kallon ƙohwa, Yaya. Ni da kaina nib ba ki ranar ƙarya, amma ina ta kallon ƙohwa."

Muzdalifa ta ci gaba da murmushi, domin wayar tana ɗauka.

Kafin azahar ta gama yanke bidiyon, ta tura. Matar kamfani ta amsa nan take cewa wannan shi ne abin da suke nema, dangi na gaske, kuma za a sabunta. Saura abu ɗaya: ta cike lokacin komawarta gida a manhaja, ta haɗa hoton jadawalin da bidiyon kamar kullum.

Ta zauna a zaure kusa da fatar ragon, ta buɗe layinta mai launin ruwan hoda. Ƙarfe biyu take son tashi, don ta isa Gusau da sauran rana. Ta rubuta biyun. Ta tsaya tana kallonsa, ta tuna dajin da ke gefen hanya bayan Bunguɗu, da dubban mutanen da ke bin shafinta waɗanda ba ta taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Ta goge. Ta rubuta Litinin, ƙarfe goma na safe, ta saka a shafi.

Sannan ta leƙa waje inda Halliru ke goge babur ɗinsa, ta rage murya.

"Yaya, kai ni tasha yanzu."