Haruffa Arba'in

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa Baba magana, gidan ya yi shirun da har daga ɗaki kana jin gurnanin firji. Tsohon direban babbar mota ne, mutumin da in ya ɗauko labarin hanya sai baƙo ya manta abin da ya kawo shi. Yanzu ga shi a kujerar bakin taga, idanu cike da zance, baki ya ƙi.

Auta, ƙaramar 'yarsa, sana'arta rubuta manhajar kwamfuta. Ita ta haɗa masa wata 'yar manhaja a tsohuwar kwamfutar tebur da ke falo: akwatin rubutu ɗaya, maɓallin dannawa ɗaya. In ya rubuta ya danna, sai murya ta karanta. A gwajin farko hannunsa na hagu, wanda shi kaɗai ke motsi, ya yi rawa ya kwanta a kan harafi guda. Akwatin ya cika, muryar ta yi ta jan "aaaa" kamar akuyar da ta maƙale a shinge. Umma ta yi dariya har da hawaye, Baba kuwa ya kau da kai. Kunyar da Auta ta gani a fuskarsa ta soke ta har zuci. Nan take ta sa wa akwatin iyaka: haruffa arba'in, daga nan ba ya karɓar komai.

Abin ya yi amfani. "Ruwa." "A buɗe taga." "Wa ya taɓa min rediyo?" Sai kuma wata rana ya ture allon maɓallan, bai ƙara kallonsa ba. Auta ta duba waya, ta duba lasifika, komai lafiya. Tsoronta ɗaya, kada ya saba da shirun, ya shige ciki ya ja ƙofa.

Ran Asabar da yamma ta durƙusa a gefen kujerarsa.

"Baba, don Allah sau ɗaya. In muryar ce ba ta yi maka ba, in canza."

Umma tana guga a tsakiyar falo. Ta ce, "Ikon Allah. Mutumin da na tsufa ina roƙon ya taƙaita zance, yau shi ake lallashi ya yi."

Baba ya harare ta da gefen ido, sannan ya jawo allon. Wannan karon Auta ba ta tashi ba, ta zauna tana kallonsa. Da yatsa ɗaya yake farautar haruffa, kansa a sunkuye, ba ya ɗagowa ko kaɗan. Ta waiga ta dubi akwatin. "Ki gaya wa mahaifiyarki tun da na kwanta" shi ne abin da ke ciki, kuma a nan ya tsaya cak. Yatsan bai sani ba. Yana ta tafiya, harafi bayan harafi, gumi na tsattsafowa a goshinsa, duk abin da ya danna yana zubewa a banza.

Da ya gama ya ɗago, ya nuna mata akwatin da haɓa.

Hawaye suka zubo mata. Ita da ta so ta kare shi daga dariya, ashe bakinsa ta toshe, ba ko ƙarar da za ta gaya masa an rufe.

"Baba, aikina ne. Yanzun nan zan gyara."

Ta buɗe cikin manhajar, ta gano layin da ta rubuta arba'in. Ta fara gyara asalin matsalar: harafin da aka danne aka riƙe, sau ɗaya zai fito. Ta ƙara 'yar ƙararrawa da za ta yi ƙara in wuri ya kusa cika.

"Nawa zan sa maka?"

Ya rubuta, muryar ta ce, "Ba iyaka."

"Haba Baba, ko motarka ai da iyakar lodin da take ɗauka."

Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa, ya sake rubutawa. "Dubu biyar."

"Shi ke nan, mun kaɗe," in ji Umma, amma ta cire wayar dutsen guga ta zauna.

Ya daɗe yana rubutu. Rana ta sauka daga labule zuwa kan tabarma. Can ya danna.

"Ki gaya wa mahaifiyarki tun da na kwanta ba ta yi barci a gado ba. Ina jin juyinta a kujera. Ta rame, ta daina sa turaren da na san ta da shi. Ni ban mutu ba. Ki ce ta koma kwalliyarta, ina da ido. Kuma matashin da take sa min a baya ya yi tauri, ina haƙuri ne kawai don hannunta ne ya sa."

Umma ta goge ido da gefen ɗankwali.

"Ji mutum. Ina zaune a gabanka kake aiko min yarinya?" Ta jawo kujerarta har gwiwarta ta taɓa tasa. "Auta, tashi ki duba tukunya."

"Umma, ba a ɗora komai ba fa."

"To je ki ɗora."

Daga kicin Auta tana jiyo ƙas, ƙas, ƙas na yatsan nan, a hankali, ba tsayawa. Sai muryar ta fara, da wani suna da ba ta taɓa jin an kira Umma da shi ba. Ta yi murmushi, ta sa ƙafa ta tura ƙofar kicin ɗin.