Layi Na Huɗu

Ni ne likitan gidanmu. Shaidata waya ce mai fasasshen gilashi, da aji biyu na sakandare da na yi kafin ni da makaranta mu gaji da juna.

Da aka ce Inna na da ciwon daji a hanji, sai na duƙufa bincike a shagon gyaran waya inda nake aiki in na ga dama. Nan na karanta cewa ƙwayoyin cutar na tara ɗigon kitse a cikinsu kamar rumbu, su ci idan wuya ta yi. Layi uku na karanta na rufe. Mai basira ba ya buƙatar na huɗu.

Ina isa gida na ɗauke galan ɗin mai, na kulle a akwatin kayan aikina.

"Da yunwa za mu kashe su," na ce.

Yaya ta ce, "Sannu, farfesa. Wayar da ka gyara mini ma har yau ba ta kira."

Inna kuwa in autanta ya faɗa, magana ta ƙare. Sati uku tana tura gayan shinkafa da ruwa, tana sa mini albarka.

Ranar ƙarin ruwan magani nas ta ɗora ta a sikeli, ta sauke, ta sake ɗorawa. Kilo huɗu sun tafi. Likita ya ce jikinta ba zai ɗauki maganin ba yau, sai ta murmure.

"Ai yarona ne ya hana ni mai," in ji Inna, cike da alfahari.

Likita ya zare tabarau ya dube ni. "Ashe abokin aiki ne. To, ranka ya daɗe, ƙwayoyin nan in ba a ba su kitse ba, suna iya ƙera nasu. Su ko a jikinsu. Mahaifiyarka ka horar."

Ashe abin da ke layi na huɗu ke nan.

Muna komawa na buɗe akwati, na soya ƙwai uku, mai har yana ninkaya a faranti. Inna ta dubi farantin, ta tura shi gefe.

"Auta, so kake in ciyar da su? Likitan nan bai san abin da ka sani ba."

Yaya ta jingina da ƙofa tana jiran ta ga yadda farfesa zai fita.

"Inna, an yi sabon bincike," na ce.

"Wa ya yi?"

"Ni."

Sai ta jawo farantin.