Wanda Zai Rusuna

Kurata ya tsufa a kamfanin Hayabune, kuma duk na'urar wasan bidiyo da kamfanin ya taɓa sayarwa daga hannunsa ta fito. Masu wasa sun fi sanin fuskarsa a kan ta shugaban kamfanin. Baba Kurata suke ce masa. Abin yana yi masa daɗi ƙwarai, ba ya ma ɓoyewa.

Da aka zo maganar sabuwar na'ura, sai Hoshikawa, surukin shugaba, wanda ya shigo kamfanin da kwat mai tsada da baki mai zaƙi, ya ce a toshe ramin da ake saka faifan wasa. Kowa ya sayi wasansa ta intanet, ba aro, ba sayar da tsoho. Kurata ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe, yana cewa ɗan talaka da faifan aro yake fara wasa. Aka saurare shi cikin ladabi, aka sha shayi, aka yi abin da Hoshikawa ya ce.

Sannan Shugaba Shibasaki ya kira shi ofis. "Kai za ka sanar wa duniya, Kurata."

"Ranka ya daɗe, ai ni na fi kowa ƙin abin nan."

"Shi ya sa. In daga bakinka ya fito, za su haɗiye."

Kurata bai taɓa ce wa tsohon nan a'a ba, kuma ba ranar zai fara ba.

Ana gab da sanarwar, aka tura shi wani ɗaki a saman bene, wai don atisaye. Ya tarar da Hoshikawa a zaune, da wata mata mai suna Ogiwara, wadda sana'arta ke nan, koya wa manya tsayuwa gaban 'yan jarida. Kurata ya gyara murya zai fara jawabi, ta ɗaga masa hannu.

"Bar jawabin tukuna. Rusuna in gani."

Ya rusuna.

"Haba, Baba Kurata! Wannan ai gaisuwar maƙwabta ce. Ta neman gafara nake so. Ƙara ƙasa. Ka manne hannu a cinya, kada ka leƙo kamar mai neman ɓeran da ya shige ƙarƙashin tebur."

Kurata ya miƙe, bayansa na ƙara. "Gafarar me? Ai ba mu sanar da komai ba."

Matar ta dubi Hoshikawa. Shi kuwa ya yi murmushi irin na wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi.

"Baba, kana zaton mu wawaye ne? Mun san za su yi ihu. Ihun muke so, talla ce ta kyauta. Kai za ka sanar, su zage ka son ransu. In wuta ta kama sosai, ka fito ka rusuna, ka ce shawararka ce, ka ajiye aiki. Mu kuma mu fito da na'ura mai faifai, mu ce mun saurari jama'a. Za mu ɗan ƙara mata tsada, su biya suna godiya."

"Wace mai faifai?"

"Taka mana. Zanenka na farko, mai ramin faifai, muka kai masana'anta tun bazara. Gaskiya ka iya aiki."

Kurata ya ji kunya ta rufe shi, kunyar mutumin da aka yi cinikinsa yana zaune a wurin. Ya ce, "In na ƙi fa?"

"Sai mu soke ta ɗungurungum. Marar faifai kaɗai za ta fita, yaran sashenka kuma mu tura su sito ɗaukar kwali. Zaɓi naka ne, ba ma tilasta wa dattijo."

Kurata ya tuna da yaran sashensa. Sannan ya juya wajen Ogiwara, ya manne hannu a cinya.

Komai ya tafi yadda aka tsara. Ya sanar, gari ya ɗauka. Waɗanda suke ce masa Baba suka koma ce masa tsohon maci amana. Aka jefi ƙofar gidansa a Yokohama da ƙwai, matarsa ta daina zuwa kasuwar unguwa. Bai faɗa mata gaskiya ba, don ya san ba za ta iya shiru ba.

Ranar neman gafara zauren taron ya cika. Kurata ya hau dandamali, ya ce shi ya kawo shawarar, shi ya nace, shi ya ƙi jin maganar matasan kamfani. Ya rusuna ƙasa sosai. A al'ada ba a ɗagowa sai kyamarori sun gama ɗauka, don haka ya tsaya a haka yana kallon takalminsa.

Yana nan sunkuye ya ji an kunna kiɗa. Ya ji muryar Hoshikawa tana cewa, "Mun ji ku!" Aka yaye ƙyallen da ya rufe na'ura mai faifai a bayansa, zauren ya ɓarke da tafi da sowa, ana kiran sunan Hoshikawa. Na'urarsa ce suke yi wa tafi, ya sani, kuma duk da komai zuciyarsa ta yi sanyi.

Sai wani ma'aikacin dandamali ya rarrafo kusa da shi, ya ja masa gefen kwat, ya raɗa masa, "Tsoho, ɗan matsa gefe. Kana tare wa mutane na'urar."