Tunkiyar da Ta Ƙi Ɗanta

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari, don mai shi ba ta son a ambace ta. Na dai sauya mata suna.

Lokacin haihuwar tumaki ne a dajin Mongoliya. Ƙanƙara ta fara narkewa, amma iska ba ta sassauta ba. A garken Gombo wata tunkiya mai baƙin kunne ta yi haihuwar fari, ta sunsuna ɗan sau ɗaya, ta juya ta tafi abinta. Da ya miƙe ya biyo ta yana tangaɗi, sai ta sa kai ta tunkuɗe shi. Ga marayu shida a cikin tanti ana ɗura musu madara da ƙaho, saniyar tatsa kuma ɗaya ce, nononta ya ja baya. Babu rabon na bakwai. In uwar ba ta karɓe shi ba, ba zai kai jibi ba.

Maganin abin ba ɓoyayye ba ne. A ɗaure tunkiyar, mace ta tsuguna dab da kunnenta tana rera mata "toig, toig," tana jan kalmar tana lanƙwasa ta, har zuciyar dabbar ta yi sanyi. Wannan lanƙwasa, inda murya ke hawa ta sauko tana kaɗawa, ita ake kira nugala. In za a yabi mawaƙi a gidan biki, sai a ce nugalarsa na da laushi. In za a kushe shi, a ce ba nugala, kamar mai kiran kare.

Shekara arba'in Pagma, uwar Gombo, ke yin wannan aiki. Amma tun da likita ya yi mata aiki a maƙogwaro muryarta ta koma raɗa. Saura surukarta Densma, matar Gombo, wadda ko ranar bikinta, da aka miƙo mata kwanon nonon goɗiya aka ce ta yi waƙa, sunkuyar da kai ta yi har kwanon ya wuce gaba.

"Tashi, 'yar nan," in ji Pagma cikin raɗarta.

"Inna, ni ba ni da nugala."

"Wa ya auna ki?"

Kafin ta amsa Gombo ya zaro waya daga ƙirjin rigarsa. "Ku daina wahalar da kanku. Ga muryar matar da ta ci gasar waƙa ta lardi, ita ma ta rera toig. Nugalarta sai ka ce ruwa na gangara."

Suka ɗaure tunkiyar a jikin shinge, ya kunna waƙar, ya kara mata wayar a kunne. Muryar ta yi daɗi, ba ƙarya. Tunkiyar ta zaro ido, ta fizgi igiya, ta shure ɗan, sannan ta tsula wa Gombo fitsari a takalmi.

Pagma ta yi ta dariya ba sauti har tari ya sarƙe ta. "To, alƙaliya ta yanke hukunci."

"Ba ta saba da waya ba ne," in ji Gombo.

"Da matar ce ba ta saba ba, sakarai. Wa ke fasa mata ƙanƙarar ruwa kullum, ta lardi ko matarka?"

Densma ta dubi ɗan ragon. Ya daina kuka, ya kwanta ya naɗe ƙafafu. Ta ce wa mijinta, idonta a ƙasa, "In kana nan ba zan iya ba."

"An kore ni daga garkena," in ji shi, ya hau babur ya tafi duba dawaki.

Ta tsuguna, ta riƙe wuyan tunkiyar, ta fara. Muryar ta fito siririya, miƙaƙƙiya kamar sanda. Ta ji kunyar kanta, sai ta shiga girgiza ta da gangan.

Pagma ta zungure ta. "Wannan kukan akuya ne. Ba girgizawa ake yi ba. Ja numfashin har ya kusa ƙarewa, kar ki sake shi."

Ta ja. Ta sake ja. Rana ta yi tsaka, ta karkata. Gwiwoyinta suka mutu, leɓenta ya tsage, tunkiyar kuwa ko a jikinta. Can da gajiya ta ci ƙarfinta, ta daina sauraren kanta. A ƙarshen kowane numfashi muryar ta fara karyewa, ta ɗan sauka, ta kaɗa, ta koma sama kafin ta mutu. Ba ita ta sa ta ba. Ta dai bi ta.

Kunnuwan tunkiyar suka kwanta. Ta fara tuƙa. Pagma ta matso a hankali, ta tatsi ɗan nono a tafin hannu, ta shafa wa ɗan ragon a gindin wutsiya, ta tura shi ƙarƙashin uwar. Tunkiyar ta waiwayo, ta sunsuna, ta daɗe tana sunsunawa, sannan ta lasa. Ɗan ya kama nono, wutsiyarsa ta hau rawa.

Densma ta yi shiru don ta gani da kyau. Nan take uwar ta ɗaga ƙafa za ta shure ɗan.

"Na ce ki tsaya?" in ji Pagma.

Ta ci gaba har ya ƙoshi.

Da yamma Gombo ya dawo, ya karɓi shayin madara da gishiri, ya ce, "Inna, ta karɓa?"

"Ta fara tunani. Mai haihuwar fari sai an yi mata kwana uku."

"Nugalar fa?"

"Ba za ta ci gasa ba. Amma tunkiya ba ta kawo ƙara ba."

Densma ta tashi. Ta zuba wa marayun madara a ƙaho, ɗaya bayan ɗaya.

Washegari tun kafin ta hura wuta ta nufi garke. Ta tarar da ɗan ragon a lungu, uwar na tsaye nesa da shi. Ta taɓa cikinsa, da ɗumi, amma ba komai a ciki. Ta ɗauko igiya ta ɗaure tunkiyar, ta ninke tsohon bargo ta sa ƙarƙashin gwiwoyinta, ta ja numfashi.