Muryar Inna a Kwandon Shara

Ƙungiyarmu ta masu koya wa kwamfuta jin maganar mutane ce. In ka ga sunanta a rubuce sai ka zaci wani katafaren gini ne mai masu gadi. Ina! Ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon tayoyi, da fanka mai kuka, da kujerun roba waɗanda babu biyu masu launi ɗaya. Amma membobinmu sun bazu a ƙasashen yankin nan kaf, malaman jami'a da ɗalibai da injiniyoyi. Muna haɗa mai nema da masani, mu shirya taron shekara, mu tara abin da kowa zai yi bincike da shi. Ni ce sakatariya, wato ni ce mai shara, ni ce kuma mai shan faɗa in fanka ta tsaya.

Babban aikinmu tara muryoyi, don na'ura ba ta gane harshe sai ta saurari mutane bila adadin. Yadda muke yi shi ne, a nuna wa mutum jimla a allo, ya karanta, a naɗa. Daga baya membobi su saurara. In ya karanta daidai yadda aka rubuta, a karɓa. In ya ƙara ko ya rage, a jefa a wani fayil da muke kira kwandon shara. Sannan ba a ajiye sunan kowa, lamba kawai ake ba kowace murya. Wannan doka ni na kafe a kanta a wajen taro, har da buga tebur, na ce wanda ya ba mu muryarsa amana ya ba mu.

A lokacin duk wanda ya gifta ta gabana sai na ja shi ya karanta, har da Inna, mahaifiyata, tsohuwar malamar firamare. Ta yi ta zuwa, wai gara nan da zaman gida. Nakan zaunar da ita a lungu, in maƙala mata abin kunne na sauraro, in kunna na'urar naɗa, ni kuma in fita sabgogina a guje. Kafin in dawo ta gama, ta kuma bi kowa da faɗa. Shugabanmu, wanda muke kira Farfesa, mutum ne da ɗalibai ke sauya hanya in sun hango shi, amma Inna ta sa shi ya gyara zaman hularsa a gaban jama'a.

Bara Allah ya yi mata rasuwa. Abin da na riƙe shi ne saƙonnin muryarta da suka cika wayata. To, ranar wata Juma'a ina wanki, na sunkuya, wayar ta sulale daga aljihu ta faɗa bokiti. Mai gyara ya juya ta, ya busa, ya girgiza, ya ce, "Hajiya, sai dai haƙuri." Ni da nake yi wa mutane wa'azin adana bayanai, ban adana nawa a ko'ina ba.

Ba wayar ta dame ni ba. Abin da ya tsorata ni shi ne, na fara laluben yadda Inna ke kiran "Auta" a kaina, ina ji yana dusashewa.

Na sami Farfesa a ofis yana fifita da mujalla.

"Ranka ya daɗe, so nake a ciro min muryar Inna."

"To madalla. Mece ce lambarta?"

"Ai ba a ajiye ba."

"Af! Wa ya hana a ajiye?" Ya ɗan daki tebur da tafin hannu, irin dukan da na yi. "Wata baiwar Allah ce, na manta ko wace ce."

Na so in yi dariya, hawaye suka riga ta. Nan take ya ajiye mujallar.

"Haba 'yata, share hawayenki. Doka ta hana suna, ba ta hana kunne ba. Wa ke cikin ƙungiyar nan da Inna ba ta yi wa faɗa ba? Kowa ya san muryar nan."

Ranar Asabar da hantsi ɗakin ya cika, waɗanda ke nesa kuma suka shigo ta waya. Injiniya, mai kula da rumbun muryoyin, mutum ne da kullum za ka gan shi da burodi a leda da ƙorafi a baki. Ya ware muryoyin mata manya ya rarraba mana. Kowa ya maƙala abin kunne, aka shiga saurare.

Kai, jimlolin nan namu! Ban san haka suke da gundura ba sai ranar. "Motar ta tsaya a bakin hanya." "Gobe za a buɗe kanti." Wannan tsohuwa ta karanta, waccan ta karanta, duk a ladabce kamar masu ba da shaida a kotu. Can sai wani ya zabura ya ce ga ta, mu ruga, in saurara, in girgiza kai. Wata malama daga ƙasar maƙwabta ta rantse ta same ta, aka kunna, ashe wani dattijo ne mai siririyar murya. Farfesa kuwa barci ya sace shi, abin kunnen na ta karanta masa labarin mota.

La'asar ta yi, muka ƙure rumbun. Babu Inna.

"Anti, anya kin danna wajen naɗa kuwa?" in ji Injiniya.

Na harare shi, amma na san nakan yi komai a gaggauce. Na fara tattara wayoyin caji, ina yi wa mutane godiya da muryar da ba tawa ba. Farfesa ya farka, ya gyara tabarau, ya karanta jimlar da ta rage a allonsa, don dai ya nuna yana cikin aikin.

"Yaron ya fita babu takalmi."

"Ina uwarsa take?" Bakina ne ya faɗa, ban shirya ba, kuma da irin tsawar Inna.

Ɗakin ya kwashe da dariya. Ana cikin dariyar sai na ga Injiniya ya daina tauna.

"Anti, tsaya. Inna za ta karanta wannan ta wuce, ba ta ce komai ba?"

"Wace Innar? Ko allon talla ta gani a titi sai ta ba shi amsa."

"To ai mai ƙari ba a karɓar nasa."

Muka dubi juna. Tun safe muna nemanta cikin masu ladabi. Sai na tuna tun bara Injiniya ke kukan rumbu ya cika, a bar shi ya goge kwandon shara.

"Ka goge?"

"Da izinin wa? Ku da kuka ce sai an kaɗa ƙuri'a. Kullum maganata ce ta ƙarshe a ajanda, kullum kuma a kan launin tambarin ƙungiya ake ƙarewa."

Ban taɓa jin son masu gardamar shuɗi da kore ba sai ranar. Allah ya ƙara musu taurin kai.

Injiniya ya cire abin kunne, ya haɗa da lasifika. Kwandon shara duniya ne. Ga mai tari, ga mai atishawa, ga wanda jariri ya ƙwace wa waya. Ba mu yi nisa ba sai ga ta, tar kamar tana lungun nan.

"Gobe za a buɗe kanti. Yo yau me ya hana su? Lalaci dai."

Farfesa ya kai hannu ya gyara hularsa. Aka yi ta kunnawa, muna dariya har da riƙe ciki. Babu jimlar da ta bari ta wuce lafiya. Ta yi wa direban motar nan tas, ta tausaya wa yaron, ta ce wanda ya rubuta jimlolin ya nemi wata sana'a. Injiniya ne ya rubuta su.

Sai aka zo kan wata.

"Ta tafi aiki da sassafe." Inna ta karanta, ana jin kukan fankarmu a bayanta. "Ko karyawa ba ta yi ba, na san irinsu, ina da guda. Auta! Ke Auta! Au, ta fita. Kullum a guje, kamar ana korarta." Kujerar roba ta yi ƙara, muryar ta matso kusa, ta yi ƙasa. "To, ke na'ura, in ta dawo ki tambaye ta, ta ci abinci kuwa?"

Babu wanda ya yi dariya. Injiniya ya turo min ledar burodinsa a hankali, bai dube ni ba.

"Ban ci ba, Inna," na ce, a gaban kowa. "Yanzu zan ci."